Ƙungiyoyin Hidimar Jama'a a Yankin Makiyayan Teksas da Yadda Suke Karrama Mambobinsu

A yammacin jihar Teksas ta ƙasar Amurka, tun daga garin San Angelo har zuwa iyakar Oklahoma ta arewa, akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai ƙarancin ruwan sama da yawan iska, wadda arzikinta na asali shanu ne. Teksas ta fi kowace jihar Amurka yawan shanu, kimanin miliyan 12, kuma kaso mai tsoka na wannan dukiya yana wannan yanki. Kiwonsu na killace ne. Kowane mai shanu yana da gandunsa da ya kewaye da waya mai ƙaya, kuma da yake ciyawa ba ta da kauri, saniya ɗaya da ɗanta na iya buƙatar eka ashirin ko fiye kafin su ƙoshi a shekara. Wannan ne ya sa gandaye suke da girma, gidaje suke nesa da juna, mutane kuma suke tsiraru. Gundumar King, wadda faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,300, mutum 265 kacal aka ƙirga a cikinta a ƙidayar 2020. Gundumar Loving kuwa mutum 64 ne.

Inda mutane suka yi ƙaranci haka, haraji ba ya taruwa, hukuma ba ta iya ɗaukar ma'aikata da yawa. Motar asibiti, motar kashe gobara, gyaran maƙabarta, ɗakin karatu na gari, kuɗin da za a tallafa wa yaro ya tafi jami'a, duk sai mutanen gari sun tashi da kansu. Ƙungiyoyin sa-kai ne suke ɗauke da wannan nauyi.

Tushen abin ya girmi ƙungiyoyin da ake gani yau. A 1877 masu shanu su arba'in suka taru a garin Graham suka kafa ƙungiyar yaƙi da ɓarayin shanu, wadda har yanzu tana nan tana aiki. Akwai kuma wata al'ada da ba ta da rajista ko shugaba, wadda ta yi kama da gayya a ƙasar Hausa. Idan bazara ta zo, lokacin yi wa maruƙa shaida da ƙarfe mai zafi da yi musu allura, mai gandu ba zai iya shi kaɗai ba. Sai maƙwabta su zo da dawakansu tun da asuba. Ba a biyan kowa ko sisi; mai gida dai zai ciyar da su, kuma ranar da aka zo kan wani shi ma dole ya je. A wurin aikin kowa ya san matsayinsa. Samari su ne masu kayar da maraƙi su danne shi, dattijo ne yake riƙe ƙarfen shaida, sannan mai gida da kansa yake zaɓar wanda zai hau doki ya jefa igiya ya jawo maraƙin. Wanda aka ce ya hau, an girmama shi ke nan a gaban jama'a, kuma abin kunya ne mutum ya shiga da dokinsa ba a kira shi ba. A nan ake iya ganin yadda mutanen yankin suka ɗauki yabo: ba su cika faɗinsa da baki ba, sun fi nuna shi ta hanyar aikin da suka damƙa wa mutum.

Ƙungiyoyi masu tsari na zamani daga birane suka zo. Wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa Rotary a Shikago ranar 23 ga Fabrairu, 1905. Kiwanis ta biyo baya a Detroit a 1915. A 1917 wani mai sana'ar inshora, Melvin Jones, ya haɗa kan wasu ƙungiyoyin 'yan kasuwa aka kafa Lions, kuma babban taronta na farko a birnin Dalas na Teksas aka yi shi a watan Oktoba na wannan shekara. Rotary a farkonta tana ɗaukar mutum ɗaya ne daga kowace sana'a, tsarin da ya fi dacewa da garin da ke da lauyoyi da likitoci da yawa. Lions ta fi saurin shiga ƙananan garuruwa, har ta kai a garuruwa da dama na yankin ita ce kaɗai ƙungiyar da ake da ita. A teburinta za a ga mai gandu, da likitan dabbobi, da manajan banki, da mai sayar da abincin dabbobi, da shugaban makaranta, da limamin coci.

Ginshiƙin rayuwar ƙungiya shi ne taron mako-mako. Galibi da tsakar rana ake yi, a zauren gari ko a ɗakin baya na wani gidan abinci, kuma ba ya wuce awa ɗaya domin kowa zai koma bakin aikinsa. Shugaba yana buga ƙararrawa, a miƙe a yi mubaya'a ga tutar ƙasa, a yi addu'a, a ci abinci. Daga nan sakatare ya karanta abin da aka zartar a zaman baya, ma'aji ya faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita. Sai baƙo mai jawabi: yau malamin gona ya yi bayani kan fari, wani mako shugaban asibiti ya faɗi dalilin da ya sa aka rasa likita, wani mako kuma yaran makaranta su zo su ba da labarin gasar da suka je. A ƙungiyoyin Lions akwai wani jami'i da ake wa laƙabi da mai murɗa wutsiya, wanda aikinsa shi ne yawo da gwangwani yana cin mutane tara ta wasa. Wanda ya makara, ko ya manta bajonsa, ko hotonsa ya fito a jaridar gari, zai jefa 'yan sulalla. Wasa ne mai amfani, domin a wannan awa ɗaya manajan banki da wanda bankin yake bi bashi suna zaune a kujera iri ɗaya, kuma gwangwanin ba ya tsallake kowa.

Kuɗin aiki ba ya fitowa daga kuɗin da mambobi suke biya, wanda akasari yake ƙarewa a abinci da tafiyar da ƙungiya. Nemo shi ake yi da gumi. Ana soya fanken Turawa a sayar da tikiti, kamar yadda ƙungiyar Lions ta Lubbock take yi kowace shekara tun farkon shekarun 1950. Ana gasa nama, ana sayar da tsintsiya da makafi suka haɗa, ana kafa rumfar abinci a filin rodiyo, wato wasan kaboyi na hawan ingarma da bijimi da jefa igiya. Wata hanyar kuma ta makiyaya ce zalla: mutum ya ba da maraƙi kyauta, a kai shi kasuwa a yi gwanjonsa, kuɗin ya tafi asusun taimako. Cibiyar kula da naƙasassu ta yammacin Teksas da ke Abilene ta daɗe tana samun tallafi ta wannan hanya, tun 1960. Dokar Lions ta tanadi cewa kuɗin da aka tara daga jama'a ga jama'a zai koma, ba a taɓa shi don hidimar ƙungiya, shi ya sa ake ajiye asusu biyu daban.

A 1925 Helen Keller, wata mata da ta rasa gani da ji tun tana jaririya amma ta yi karatu har ta zama marubuciya, ta yi jawabi a babban taron Lions ta roƙe su da su rungumi lamarin makafi. Tun daga nan kula da ido ya zama tambarinsu. A ƙaramin gari wannan na nufin akwatin tara tsofaffin tabarau a bakin banki, da gwajin idon yara a makarantar firamare, da biya wa yaron da iyayensa ba su da hali kuɗin tabarau ba tare da an bayyana sunansa ba. Babban aikinsu na jiha baki ɗaya shi ne sansanin yara naƙasassu da ke Kerrville, a yankin tuddai inda ake kiwon tumaki da awaki da shanu. An yi masa rajista a 1949, lokacin da shan inna take naƙasa yaran Teksas, ya karɓi yaran farko a 1953. Iyaye ba sa biyan komai, kuma kowane yaro wata ƙungiyar Lions ce take tsaya masa.

Cutar shan inna ce ta haɗa waɗannan garuruwa da ƙasar Hausa. A 1985 Rotary ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga duniya, kuma kowace ƙungiya, komai ƙanƙantarta, tana zuba nata a asusun. Ƙungiyar Rotary ta farko a Najeriya a Kano aka kafa ta a 1961, kuma daga Kano aka sami ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya, lauya Jonathan Majiyagbe, a 2003 zuwa 2004. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Yara suna da nasu ƙungiyoyin. Akwai 4-H, wadda a Teksas ta faro a 1908 a matsayin ƙungiyar yara masu noman masara a gundumar Jack, da kuma FFA ta ɗaliban aikin gona, wadda aka kafa a 1928. Yaro ɗan shekara goma zai karɓi maraƙi ya yi watanni yana ciyar da shi safe da yamma, yana wanke shi, yana koya masa tafiya da igiya, yana rubuta duk abin da ya kashe. Da hunturu sai a yi bajekolin dabbobi na gunduma. Alƙali ya zagaya ya shafa bayan kowace dabba, ya jera su, ya faɗi dalilinsa a lasifika. Bayan haka a yi gwanjo, inda banki da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manya suke haɗa kuɗi su saya da farashin da ya wuce na kasuwa, da gangan, domin yaron ya sami abin karatu. Akan haɗa wani asusu na musamman saboda yaran da iyayensu ba su da abokai masu kuɗi, kada dabbarsu ta tashi a wulaƙance.

Mata sun daɗe suna aiki ba tare da sunansu ya shiga rajista ba. Su suke dafa abincin da ake sayarwa, mazan su karɓi yabo. Matan makiyaya sun kafa tasu ƙungiyar a 1939 a Douglas ta jihar Arizona, su goma sha shida, wadda ta bazu ta zama ta ƙasa a 1952, kuma yau ake kiranta American National CattleWomen. Amma ƙofar Rotary ba ta buɗe musu ba sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a watan Mayu na 1987 a kan shari'ar wata ƙungiyar Rotary ta garin Duarte a Kalifoniya da ta karɓi mata aka kore ta. A wannan shekarar Lions da Kiwanis suka gyara dokokinsu, Rotary ta yi nata gyaran a 1989. An yi jinkiri ƙwarai, kuma ƙungiyoyin da kansu ne suka yi asara, domin a garuruwa da yawa yau mata ne suke riƙe da muƙaman shugaba da sakatare.

Aikin sa-kai mafi haɗari shi ne na 'yan kwana-kwana. Kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara a Amurka ba albashi suke karɓa ba, a karkara kuwa kusan dukansu haka suke. Ranar 26 ga Fabrairu, 2024, wani ruɓaɓɓen turken lantarki ya karye a gundumar Hutchinson, wuta ta kama busasshiyar ciyawa, iska ta kore ta. Gobarar, wadda aka sa wa suna Smokehouse Creek, ta cinye fiye da eka miliyan ɗaya, mafi girma a tarihin jihar. Dubban shanu sun mutu, gidaje sun ƙone a Canadian da Stinnett. Waɗanda suka fara tarar ta makiyaya ne da makanikai da malaman makaranta, wasunsu suna kare gidan wani alhali nasu gandun yana ci. Kwamitin majalisar jihar da ya yi bincike ya gano cewa motocinsu tsofaffi ne, kuɗinsu kaɗan, na'urorin sadarwarsu kuma ba sa jin juna. Kafin toka ta huce, manyan motoci ɗauke da ingirici da wayar shinge suka fara isowa daga wasu jihohi, 'yan sa-kai suna saukewa suna rabawa.

Duk da haka ƙungiyoyin suna raguwa. Matasa suna tafiya birane ba sa dawowa, gandaye suna haɗewa a hannun mutane kaɗan ko na baƙi masu zuwa farauta kawai, matsakaicin shekarun manomi a Amurka kuma ya kai 58 a ƙidayar 2022. Masani Robert Putnam ya yi nazarin wannan ja da baya a littafinsa Bowling Alone na shekarar 2000. A ƙaramin gari abin da ake gani shi ne mutum goma sha biyu ɗin nan dai su ne a Lions, su ne a kwamitin bajekoli, su ne a motar kashe gobara. Idan ɗaya ya gaji ya janye, ayyuka uku ne suka rasa mutum. Wannan ne ya sa karramawa take da nauyi a wurinsu, domin ita kaɗai ce ladan da ƙungiya take iya bayarwa.

Sau ɗaya a shekara, yawanci a ƙarshen Yuni, tun da shekarar Lions da ta Rotary duk a ranar 1 ga Yuli suke farawa, ana yin walimar dare. Mambobi su zo da iyalansu, a rantsar da sababbin shugabanni, sannan a kira sunaye. Daga cikin lambobin yabo da ake bayarwa akwai ta halartar taro ba fashi. A tsohuwar dokar Rotary, wanda ya rasa taro huɗu a jere ba uzuri zai iya rasa kujerarsa, wanda kuma tafiya ta kama shi zai iya cike gurbin ta hanyar halartar taron wata ƙungiya a cikin 'yan kwanaki. A birni wannan abu ne mai sauƙi. A ƙasar da gari na gaba yake da nisan kilomita sittin ko tamanin, kuma saniya ba ta zaɓar ranar haihuwa, mutumin da ya yi shekara talatin bai yi fashi ba ya nuna wani hali da ya wuce son cin abincin rana. A 2016 Rotary ta sassauta, ta bar wa kowace ƙungiya ta tsara taronta muddin za ta zauna sau biyu a wata. Lions kuma tana da ƙananan bajoji na cika shekara 10, 15, 20 da sauransu, da wata lamba mai siffar makulli ga wanda ya kawo sababbin mambobi. Ana maƙala su a jikin falmaran ruwan ɗorawa da 'yan Lions suke sawa, ta yadda rigar dattijo takan yi nauyi da su.

Manyan lambobin biyu da aka fi sani suna da alaƙa da kuɗi. Lambar Paul Harris, wadda aka ƙirƙiro a 1957, ana ba da ita ne idan an zuba dala 1,000 a gidauniyar Rotary. Lambar Melvin Jones, ta 1973, ita ma dala 1,000 ce ga gidauniyar Lions. Mai kuɗi zai iya rubuta cek ya karɓi tasa a yini ɗaya, kuma ba laifi ba ne tun da kuɗin yana zuwa rigakafi da aikin ido. Sai dai lambar ba ta nuna wanda ya fi wahala. Abin da ya ceci darajarta shi ne dokar ta yarda a zuba kuɗin da sunan wani. Ƙananan ƙungiyoyi sukan yi shekara suna tarawa a ɓoye, ranar walima a kira sunan mutumin da yake fara zuwa ya kunna wutar gashi da ƙarfe huɗu na asuba, ko matar da ta yi shekara ashirin tana riƙe da littafin kuɗi. Wannan ita ce hanya mafi kyau ta amfani da lambar, kuma ƙungiyar da take yin haka ba ta cika rasa masu aiki ba.

Akwai kuma gwarzon shekara, wanda mambobi suke zaɓa da ƙuri'a. A nan ne son kai yake iya shiga, idan lambar ta riƙa zagaye tsakanin tsofaffin shugabanni ko manyan iyalai, ma'aikatan gandu kuwa, waɗanda da yawansu 'yan asalin Meksiko ne, ba a ko gayyace su shiga ƙungiyar ba. Garin da rabin yaran makarantarsa suke jin Sifaniyanci a gida amma babu iyayensu a teburin taro, ƙungiyarsa ta rufe wa kanta hanyar samun magada.

Irin kyautar ma tana bin al'adar ƙasar. Allon katako mai rubutu ana rataye shi a bango, amma abin da makiyayi ya fi so shi ne kan bel na azurfa da aka zana sunansa da shekara, ko ƙaimi, ko sirdi, abin da zai sa a jikinsa ya fita da shi. Yaran 4-H babbar lambarsu a matakin gunduma ita ce Tauraron Zinariya. Cibiyar adana tarihin kiwo da ke Lubbock tana ba da lambar Ƙaimin Zinariya tun 1978 ga wanda ya yi fice a harkar kiwo a ƙasa baki ɗaya. Ma'aikatar gona ta jihar kuma, tun 1974, tana karrama iyalin da suka riƙe gona ko gandu ɗaya suna aiki a kai shekara 100 ba yankewa, a ba su alamar da za su kafa a bakin ƙofar gandun.

Karramawa ta ƙarshe ta mamata ce. Gandun XIT, mai eka miliyan uku, jihar Teksas ta ba da shi ne a matsayin ladan gina mata majalisa a Austin, kuma ya daina kiwo a 1912. Tsofaffin kaboyinsa suka fara taron tunawa da juna a 1936, daga 1937 aka mayar da shi garin Dalhart. Duk sun rasu yanzu, amma 'yan sa-kai na garin suna ci gaba da shirya taron a farkon kowane Agusta, suna haƙa ramuka su gasa naman shanu su ciyar da dubban mutane kyauta. A bakin hanyar garin akwai wani gini na tunawa da aka kafa a 1940 mai ɗauke da sirdi ba mahayi, kuma a jerin gwanon kowace shekara ana jan doki ɗaure da sirdi, babu kowa a kansa.